A koya wa 'yan koyon gyaran gashi sanin magungunan da suke taɓawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi 'ya'yanmu mata masu koyon gyaran gashi da ƙunshi a Garwa da Marwa da Ngawundare, har zuwa Kuseri da Injamena.

Shekarata goma sha bakwai ina wannan sana'a a nan Garwa, a ƙasar Kamaru, kuma 'yan matan da suka koyi aiki a hannuna sun haura ashirin. Na koya musu tsaga da kitso da wankin kai da zanen lalle, na koya musu yadda ake tarbar amarya da danginta, amma ban taɓa zaunar da ko ɗaya daga cikinsu na gaya mata abin da ke cikin robar da take tsoma yatsunta a ciki ba, domin ni ma uwar ɗakina ba ta gaya mini ba. Sai bara, ana saura kwana biyu ƙaramar Salla, na gane girman wannan sakaci. Shago ya cika maƙil, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, wata yarinyata 'yar shekara goma sha shida tana shafa wa wata mata man miƙar da gashi, wanda muke kira defirizan, 'yan uwanmu na Najeriya kuma suke ce masa rilaksa. Hannunta babu safa. Gumi ya gangaro mata cikin ido, sai ta sa bayan hannu ta share, nan take ta ƙwalla ƙara ta durƙushe. Wata ta ce a ɗiga mata nonon mai shayarwa, wata ta ce a sa kwalli, ni kuma na tare babur muka nufi asibiti. Tambayar farko da ma'aikacin jinya ya yi mini ita ce ko mun wanke idon da ruwa. Ba mu wanke ba, alhali durom cike da ruwa yana bayan ƙofa. Ya ce da mun yi ta kwarara mata ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin mu kama hanya, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Allah Ya sa idon bai tafi ba, amma har yau dishi-dishi take gani da shi, kuma ni ce mahaifiyarta ta damƙa wa amanarta.

Tun daga ranar na shiga tambaya, wani ɗan uwana ma'aikacin lafiya ya riƙa karanta mini rubutun da ke jikin kwalaye yana yi mini bayani. A nan na ji cewa yawancin defirizan mai ƙarfi an haɗa shi ne da sodar nan da mata ke dafa sabulu da ita, wanda aka rubuta babu soda a jikinsa kuma shi ma yana ƙona fata da ido. Duk mai yin sabulu ta san ba a taɓa soda da hannu tsirara, mu kuwa saboda ta zo mana a cikin roba mai hoton kyakkyawar mace, ga ƙamshi, sai muka ɗauke ta kamar man shafawa. Shi ya sa za ka ga tafin hannun yarinya ya tsattsage, farcenta ya yi laushi yana ɓarewa, mu ce ai hannun mai sana'a ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne baƙin lalle, wato dayis, domin babu amaryar da ke yarda a kai ta ɗaki ba tare da shi ba. Lallen gargajiya da kakanninmu ke dakawa ja yake kamawa, kuma yana bukatar sa'o'i. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin ɗan lokaci, galibi an zuba masa wani sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD. A ƙasashen Tarayyar Turai ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi ba bayan an gauraya, kuma ba a yarda a yi zane da shi a fata ba ko kaɗan. Mu a nan ƙulli-ƙulli muke sayo shi a leda, babu suna babu awo, mu dama da hannu, mu zana wa har 'yan yara ƙanana ranar Salla. Mugun halinsa shi ne jiki na iya jure masa sau da yawa, sannan wata rana ya yi bori: zanen ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo daidai siffar fulawar da aka zana, kuma daga ranar jikin ba zai sake amincewa da shi ba har abada. Amarya sau ɗaya ko biyu take haɗuwa da shi a shekara, mai ƙunshi kuwa kullum yatsunta na ciki. Idan kuma yaro ya haɗiye shi, wuya da harshe na kumbura su toshe numfashi, ƙoda ta lalace, abin da likitocin Sudan suka daɗe suna fama da shi. Ga shi da yawa daga cikinmu da goyo muke zuwa shago, muna kuma juye magunguna a gorar ruwan sha.

Akwai kuma abin da muke shaƙa. Ruwan goge jan farce yana kama wuta kamar fetur, amma sau nawa na ga kwalbarsa a buɗe kusa da kaskon turaren wuta a ɗakin da ake yi wa amarya dilka da halawa? Gam ɗin farcen roba da hodar cire launin gashi suna jawo tari da asma. Wasu mayukan da ake bi da ƙarfe mai zafi domin gashi ya kwanta suna fitar da hayaƙin fomalin, maganin nan da ake adana gawa da shi, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta tabbatar tun 2004 cewa yana haddasa ciwon daji. Duk wannan a cikin ɗaki guda mai rufin kwano, wanda muke rufewa saboda ƙurar hunturu ko don suturta matan da suka buɗe kai, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Takunkumin asibiti da wasu ke sawa ƙura kawai yake tarewa, tururin magani yana ratsa shi, iska mai shiga da fita ita ce kariyar. A 2022 wani bincike da aka yi a Amurka a kan mata fiye da 33,000 ya gano cewa masu shafa man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa shafawa wajen kamuwa da ciwon dajin mahaifa. A kan masu shafawa aka yi binciken, amma dole mai shafa wa mutum biyar a rana ɗaya ta tsaya ta yi tunani.

Na yaba da matakin da Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ta ɗauka a watan Agustan 2022 na haramta mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarai masu cutarwa, sai dai hani kaɗai ba ya isar da sani ga yarinyar da aka ba kwano aka ce ta haɗa, ba ta kuwa iya karanta Faransanci ko Turancin da ke jikin kwalin ba. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin kiyaye lafiyar ma'aikatansa, kuma yarjejeniya ta 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1990, ta ce haƙƙin ma'aikaci ne a sanar da shi haɗarin sinadarin da yake aiki da shi, a kuma horar da shi. Amma 'yar koyo a shagon unguwa ba ta da takardar ɗaukar aiki, ba ta da rajista a asusun kula da ma'aikata, idan ta ji ciwo gida ake mai da ita a ce tsautsayi ne.

Na san uzurin da 'yan uwana masu shaguna za su kawo, domin ni ma na kawo shi. Safar hannu kuɗi ce, tana sa gumi, wasu matan ma cewa suke ƙyamar kansu ake yi idan aka sa ta. Na gwada, na kuma ga cewa da zarar an yi wa mace bayani da ladabi takan yarda, kuɗin kwalin safa kuwa bai kai rabin abin da na kashe a kan idon yarinyar nan ba.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar da ke kula da koyar da sana'o'i, da hukumomin gari da suka san ƙofar kowane shago saboda haraji, da ƙungiyoyinmu na masu gyaran gashi, a mai da wannan horo sharaɗi kafin a miƙa wa yarinya robar magani, kafin kuma a ba ta takardar yaye. Horon ya kasance da baki, cikin Hausa da Fulatanci, da Larabcin Shuwa a inda shi ake ji, a cikin shago, da ainihin kayan da muke aiki da su a gabanmu: a nuna wanda ke ƙonawa da wanda ke kama wuta, a nuna cewa ba a gauraya ruwan jabel, wato bilicin wanke tufafi, da wani magani, a koya gwada rini a bayan kunne kwana biyu kafin a shafa, a sa kowace yarinya ta gwada wanke ido da hannunta har ta iya. Gidajen rediyonmu ma za su iya ba ma'aikatan lafiya ɗan lokaci a shirye-shiryen mata.

A nawa ɓangaren, safiyar Litinin ba mu cika samun masu zuwa ba. Duk ma'aikacin lafiyar da ya yarda ya zo ya koyar, shagona a buɗe yake, kuma na riga na yi magana da maƙwabtana masu shaguna huɗu, sun amince za su turo 'yan koyonsu.

Na gode.

Daga wata mai shagon gyaran gashi da ƙunshi,
Garwa, Kamaru