Koke Kan Birin Nan Mai Farin Hanci na Kurmin Ngel Nyaki

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Mambilla, Gembu, Ƙaramar Hukumar Sardauna, Jihar Taraba.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka na Yelwa da ƙauyukan gefen kurmin Ngel Nyaki, manoma da makiyaya, muke kawo kukanmu.

Ranka ya daɗe, tun 1969 aka keɓe kurmin nan, amma har gobe ana shiga ana ɗana tarkon waya. Mai tarko zai ce gada yake nema, sai dai waya ba ta tantance ƙafa. A kakar bara wasunmu suka tarar da macen birin nan mai farin tabo a hanci, waya ta ci mata hannu har ƙashi, ɗanta na manne da cikinta yana kuka. Ɗa ɗaya take haifa, bayan ciki na wata biyar zuwa shida. In aka rasa uwa, an rasa biyu.

Wani zai ce don biri ake damun fada? Mun san ɓarnar biri a gonar masara, mu ma muna kwana gadi. Amma wannan ɗan kurmi ne, rayuwarsa a kan itace take. Yana cika kumatu da 'ya'yan itace, ya yi nisa ya tofar da ƙwallon, wani kuma ya fita a kashinsa ya tsiro. Masu binciken da suka zauna kusa da mu tun shekarun 2000, tare da yaranmu da ke musu aiki, sun nuna mana irin wannan tsiro da idonmu. Kurmin kuwa shi ke riƙe mana ƙoramu da rani. Da asuba a da, kiran namijin birin kan cika kwarin, garke ya tashi. Yanzu a gefenmu sai an kasa kunne.

Muna roƙon Mai Martaba ya umarci jauro-jauro da masu unguwanni su yi shelar hana tarko a kurmin da sayar da 'ya'yan biri a bakin hanya. A kuma sa ranar gayya kafin hunturu mu share layin tare gobara, domin wutar da ake saka wa ciyawa tana cin bakin kurmin kowace shekara. Fatanya da adduna namu ne, izini da tsawatarwar fada kawai muke jira.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu ne,
Dattawa, matasa da matan yankin Yelwa