Barka da Sallah daga Foggia

Assalamu alaikum Baba da Inna, da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Yanzu muka sauko daga idi, mu da 'yan Senegal da 'yan Mali da Larabawan Maroko. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, domin a nan yau ranar aiki ce, ba wanda ya san ana wata Sallah. Na sa shaddar nan da kuka aiko, Turawa sai kallona suke, wata tsohuwa har da tafa mini.

Inna, kullum sai kin ce in kwatanta miki inda nake. Lardi ne a kudancin Italiya, a jihar Puglia, mutanensa kusan dubu 600. Tsakiyarsa fili ne shimfiɗaɗɗe da suke kira Tavoliere, alkama iya ganinki, irin wadda ake taliya da ita, yanzu ma ta nuna ana girbi. In ta kau sai tumatir, wanda shi ne ya tara baƙar fata a nan. Can gabas akwai duwatsun Gargano da suka kutsa cikin teku.

Abin da zai ba Baba dariya, ƙasar tumaki ce tun fil azal. Da, in sanyi ya kama, makiyaya kan gangaro da garkuna daga duwatsun Abruzzo su yi kiwo a filin nan. A 1447 wani sarki Alfonso ya kafa hukumar karɓar kuɗin kiwon, jangali dai sak, aka yi ta karɓa har 1806. To duk da haka ba ka isa ka kayar da rago a ƙofar gida ba, doka ta hana. Kuɗi muka biya a mahauta, sai gobe a miƙo mana nama a leda, a sanyaye, ba fata, ba kai, ba ƙafa.

Nan ne fa abin ya taɓa ni. Na san war haka an kafa murhu a tsakar gida, an fara da hanta da tumbi, hayaƙi ya cika zaure, yara na zagaye kasko ana korarsu. Gobe a wuni ana suya, a barbaɗe da yajin Inna, a zuba a fanteka a tura ƙarƙashin gado, a yi ta tsakura har wata ya ƙare. Jibi farfesun kai. Naman nan akwai laushi, ban raina ba, amma ba ya jin wuta yadda namu ke ji.

Baba, ga wani labari. Kusa da mu akwai gari mai suna Lucera. Sarki Frederick na biyu ya kwaso Musulmin tsibirin Sisili ya zaunar da su a can tun wajejen 1224, suna da masallaci da alƙalinsu, suna noma, suna yi masa soja. A 1300 wani sarkin ya tarwatsa su, aka sayar da da yawa a matsayin bayi. Ganuwar tsohuwar fadar garin tana nan tsaye. Ashe an taɓa kiran sallah a ƙasar nan tun kafin mu.

A gaida Kaka sosai da sosai, a ce mijinta na Turai yana nan bai yi mata kishiya ba, kuma ta daina ba jikoki rabonta na hanta, ta ci abinta, ta riƙa shan maganinta. A gaida Gwaggo, na ji ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Yaya da iyalinsa. Kawu. Auta kuwa, an ce ke ce kan kasko bana, Allah ya tsare naman mutane! A gaida Liman da 'yan majalisar ƙofar gida.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya, a raba har da yaran maƙwabta. In an samu mai tahowa, Inna, a ƙullo mini yaji.

Naku, ɗanku.