A Ba Matasan Makaɗan Zariya Zauren Da Za A Saurare Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidan rediyonku, ina roƙon ka ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A garin nan namu na Zariya muna da matasa masu kaɗa kayan kiɗa da hannunsu, wasu na gida, wasu na Turawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda Allah ya yi wa baiwa ta gaske. Abin da suka rasa shi ne wurin da jama'a za su zauna su yi shiru su saurare su. Shawarata ita ce gidanku ya shige gaba a shirya musu jerin zaman sauraro na tsawon hunturu guda, a ɗauka, a riƙa sakawa a rediyo.

Irin kiɗan da nake nufi shi ne wanda makaɗa 'yan kaɗan ke yi a ƙaramin ɗaki, babu lasifika, babu rawa, babu liƙi. A Turai an fi saninsa da mutum huɗu: biyu riƙe da biyolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, ɗaya da biyola wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, na huɗu da celo, ƙaton nan da ake dasa ƙafarsa a ƙasa a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Babu wani madugu tsaye da sanda yana ba su umarni. Kowa da muryarsa daban, kuma dole ya ji ta 'yan'uwansa kafin ya sa tasa. Duk wanda ya taɓa kallon mata suna lugude a turmi ɗaya ya san sirrin abin: in ɗaya ta yi jinkiri da ƙiftawar ido, taɓarya ta ci karo da taɓarya. Shi ya sa malaman kiɗa ke ɗaukar wannan fanni a matsayin inda ake gane makaɗin da ya nuna da wanda yake ɗanye, domin babu taron da mutum zai ɓuya a ciki.

Wanda ya kafa wannan tsari na mutum huɗu shi ne Joseph Haydn, mutumin Ostiriya da aka haifa a 1732, kuma makaɗin fada ne. Ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara 30 yana tsara kiɗa duk sa'ad da ubangidansa ya bukata. Wanda ya san zaman Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa ba zai ga wani baƙon abu a nan ba. Bambancin da ya raba mu da su shi ne takarda. Sun rubuta kiɗan a alamomi, don haka yau yarinya a Samaru za ta iya buɗe shafi ta kaɗa abin da Haydn ya tsara, ko abin da Beethoven, wani mai tsara kiɗa Bajamushe, ya rubuta wa mutum huɗu a 1825 da 1826 bayan kurumta ta gama da kunnensa. Mu kuwa namu a ka yake, in tsoho ya rasu ba wanda ya ɗauka daga hannunsa, shi ke nan an yi asara.

Dalilin da ya sa na kawo kukana gidan rediyo shi ne, a wurare da dama rediyo ce ta reni matasan makaɗa. Tun 1999 tashar BBC mai kula da irin wannan kiɗa take zaɓar 'yan matasa kaɗan kowace shekara, ta riƙe su shekara 2, tana ɗaukar kiɗansu a situdiyo tana kai su gaban jama'a. A gasar matasan makaɗa ta BBC ta 2016, Sheku Kanneh-Mason, mai kaɗa celo wanda mahaifiyarsa haifaffiyar Saliyo ce, ya zo na ɗaya yana ɗan shekara 17, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ci gasar. A nan gida, ƙungiyar raya kiɗa ta MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makaranta da zauren kiɗa a Onikan, inda ɗalibai ke hawa dandamali tun suna koyo. Fela Sowande ma, makaɗi ɗan Najeriya wanda a 1944 ya tsara wa kayan tsirkiya kiɗa daga waƙoƙin Afirka ta Yamma, da ya dawo daga Ingila gidan rediyon ƙasa ya yi wa aiki, yana tattara kiɗan gargajiya. To me ya sa sai yaron Zariya ya niƙi gari har Legas kafin a ji hannunsa?

Matasan suna nan, Malam Edita. Akwai waɗanda suka koyi karanta alamomin kiɗa a majami'un Wusasa da Sabon Gari da Samaru. Akwai 'ya'yan barikin soja da suka tashi da badujala a kunne. Akwai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke koyon biyolin da sarewar Turawa ta waya, daga YouTube, ba malami ba mai gyara musu riƙo. Sannan a cikin birni da ƙauyukan da ke kewaye akwai 'ya'yan gidajen makaɗa masu goge, kukuma, gurmi, garaya da kuntigi, waɗanda da yawansu ke jin nauyin a gan su da kayan gadonsu.

Na taɓa zama a bayan wani aji a Samaru inda huɗu daga cikin irin waɗannan yara ke gwaji bayan an tashi makaranta. Ba su da biyola, sai wani yaro ke cike gurbinta da fiyanon lantarki mai batir. Celon nasu ya tsage a gefe, kafinta ya liƙe shi da gam irin na kujera. Sanyi ne a lokacin, iska ta bushe ƙarau, maɗauran tsirkiya suna ta sakewa, kowane ɗan lokaci sai an tsaya an sake ɗaurewa. Yarinyar da ke jan gaba ba ta ƙirga musu da baki. Sai ta ɗaga kan biyolin ɗinta kaɗan, ta ja numfashi ta hanci, su duka su faɗa tare. Wani wuri mai wuya ya ƙi zama, suka yi ta maimaita shi, mai celo yana cewa ita ce ke gudu, ita tana cewa shi ne ke jan ƙafa, har suka daidaita, wurin ya wuce sumul. Da na tambaye su inda za su kaɗa shi, sai suka ce watakila wajen wani ɗaurin aure, lokacin da ake rabon abinci. Wannan amsa ta daɗe tana yi mini ciwo.

Na 'yan gida ma bai fi haka ba. A wajen biki yanzu ana ɗaura wa mai goge makirufo mai tsatsa, a buɗe lasifika har ƙarshe, ga janareto na ruri a gefe, ga sanƙira na ta kiran sunayen masu liƙi. Abin da ke isa kunne ƙara ce kawai. Amma ka samu yaron nan shi kaɗai a zaure bayan taro ya watse, ya goga ƙaro a izgar bakansa, ya ɗora yatsunsa a gefen tsirkiya ba tare da ya danne ta ba, za ka ji goge na magana kamar mutum, yana hawa yana sauka da karin harshen Hausa har ka gane kalmar da yake nufi. Ƙoƙo ne da fatar guza da gashin wutsiyar doki, kuma bakan biyolin ma da gashin wutsiyar doki ake ɗaure shi, da irin wannan ƙaron ake goga shi. Situdiyo ta zamani ta riga ta maye yawancin kayan nan da fiyano da kwamfuta. Ba na zargin masu yi, sana'a suke nema, amma in aka ci gaba a haka za a wayi gari babu hannun da ya iya.

Don haka nake so kowane zama ya zama rabi da rabi. A fara da masu biyolin su kaɗa kiɗan Haydn ko na Mozart ɗan zamaninsa, a huta, masu gurmi ko goge su karɓa, su ma biyu ko uku, a zaune, ba kirari ba roƙo. Kafin hunturu ya ƙare a sa su tsara abu guda tare. Zai yiwu, domin biyolin ba ta da matakan da ke kafe murya a wuyanta, makaɗi na iya zame yatsa ya tarar da muryar goge duk inda ta tsaya, abin da fiyano ba zai iya ba saboda muryoyinsa a kafe suke. Yawancin kiɗanmu a kan murya biyar yake tafiya, nasu a kan bakwai, kuma wurin da suka haɗu da wurin da suka saɓa shi ne abin da zai ba matasan aikin kunne na gaske.

Na san za a ce wannan kiɗan Turawa ne, ina ruwanmu. Zariya ta taɓa amsa irin wannan tambaya. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama jami'armu, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suka ɗauki fenti da burushin Bature suka zana abin da yake nasu, har yau duniya na ambaton garin nan saboda su. Jami'ar nan ce kuma ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal ya riƙa sa manyan zauruka yin tsit, shi kaɗai ba 'yan amshi. Ashe sauraro a natse ba baƙonmu ba ne. A farkon shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a Zariya yana ɗaukar kiɗan makaɗanmu, aka buga faifan a Turai. Abin da wani ya tsallako teku ya zo nema bai kamata mu da muke kwana da shi mu bar shi ya ruɓe ba.

Akwai kuma 'yan'uwa da ke ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya saboda fahimtarsu ta addini. Ina girmama su, kuma wannan shiri ba zai shiga kunnen kowa da ƙarfi ba, tunda sautinsa ba ya ƙetare bangon ɗaki. A yi shi tsakanin la'asar da magariba, kowa ya samu sallarsa ya koma gida da sauran haske. In azumi ya faɗo cikin lokacin a dakata.

Hunturu na zaɓa duk da bushewar iska, domin da damina ruwa a kan kwano ba zai bari a ji komai ba, da bazara kuwa ba mai iya zama a rufaffen ɗaki sai da fanka, fanka kuma na cinye sauti. Maganin bushewa ɗan jiƙaƙƙen soso ne a cikin akwatin kayan. Zama shida ko takwas sun isa, duk bayan mako biyu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wuri ba zai gagara ba. Ga gidan wasan kwaikwayo na ginin ƙasa da ke cikin jami'a a Samaru, ga ɗakunan taron makarantu, ga manyan zaurukan birni masu ɗaurin guga waɗanda ke riƙe murya fiye da kowane ginin siminti da na sani. Mutum 80 ko 100 sun wadatar.

Abu biyu ne nake so a tsaya a kansu kai da fata. Na farko zaɓe. A kira duk mai shekara ƙasa da 30 ya zo gwaji, ya kaɗa a bayan labule, alƙalai ba sa ganin fuskarsa, ba su san sunansa ko unguwarsu ko addininsa ba. Manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka sun rungumi wannan dabara tun shekarun 1970, kuma a garin da kowa ya san ɗan wane ne wane, mun fi su bukatarta. Na biyu biya. A karɓi ɗan kuɗin shiga daidai ƙarfin ɗalibi, a nemi masu hali su cika, a ba kowane makaɗi haƙƙinsa a ambulan kafin ya bar wurin. Abin da ke korar yaran kirki daga kayan kiɗan gida shi ne an haɗa kiɗa da roƙo, uba ba ya so a ce ɗansa maroƙi ne. Ranar da aka ga ɗan makaɗa ya zauna a kujera, an kira sunansa da na wanda ya koya masa, ya kaɗa an tafa, ya karɓi ladan aikinsa ba tare da ya wasa kowa ba, iyaye da yawa za su sassauta. Daga cikin kuɗin kuma a ware na tsirkiya da ƙaro da gyara, domin tsirkiyar biyolin sai an yi aike Legas ko Abuja, in ta tsinke ranar zama an tashi ke nan.

Abin da nake nema daga gare ku bai fi ƙarfinku ba: ma'aikaci ɗaya mai kunne, makirufo biyu masu kyau, da rabin sa'a a mako. Mai gabatarwa ya ɗan yi wa masu sauraro bayani da Hausa kafin kowane kiɗa, wa ya tsara shi, yaushe, me za a kasa kunne a ji, sannan ya bar yaran su faɗi yadda suka koya da bakinsu. A ajiye kowane ɗauka a ma'ajiyarku da sunan makaɗi da kwanan wata, a ba ɗakin karatun jami'a kwafi. Ni malamin makaranta ne, ba ni da kuɗin da zan ɗauki nauyi, amma zan iya zagayawa in tattaro sunayen matasan Tudun Wada da Gyallesu da Samaru, in kuma jera kujeru ranar zama. In shawarar ta samu karɓuwa, ku sanar a shirinku na wasiƙu, zan zo ofishinku da kaina.

Na gode, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya