A taimaka wa masu tafiya a ƙasa a titin Gidan Zoo

Malam Edita, Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan titin Gidan Zoo, don duk wanda ya san Kano ya san bayan la'asar titin nan ba masaka tsinke. Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014 harkar ta ƙara buɗewa, shagunan atamfa da shadda, masu takalma da turare, ga gidajen abinci birjik. Amma ni wallahi abin da ya fi burge ni bayan isha'i ne, ka samu benci wajen mai balangu a yanka maka na dubu biyu a barbaɗa yaji, ko gurasa bandashe da ta sha ƙuli da mai, kana ci kana kallon ikon Allah, samari an sha wanka ana ta ɗaukar hoto, 'yan mata da shawarma a leda, Alhaji ya faka mota yara na rigimar sai an sai musu askirim, gefe guda mai shayi na ta soya indomi da ƙwai.

To matsalar ita ce tsallaka titi. Masu adaidaita sahu ko ina suka ga fasinja birki kawai, motoci an faka har kan hanyar mutane, tsofaffi da masu goyo sai sun yi ta jira. Ga masu ƙwacen waya in wuri ya yi duhu. Muna roƙon hukuma a ƙara fitilu, a ware wajen fakin da wajen sauke fasinja.

Naku, mai karatu daga Gandun Albasa, Kano.