A buga mana zanen ɗinki a shafin mata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in kawo wata buƙata da na san ba irinta aka saba kawo maka ba. Ba maganar taki ba ce, ba ta hanya ba, ko da yake muna da su jingim. Shafi nake roƙo, ko rabinsa, sau ɗaya a wata, a riƙa buga mana zanen ɗinki da ainihin girmansa, yadda mace za ta sa almakashi ta yanke, ta ɗora a kan yadi, ta bi gefensa da alli.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Jaridarku ɗana ne yake zuwa mana da ita daga Kano, kuma kada ranka ya ɓaci, Malam Edita, in an gama karantawa hannun mai ƙosai take komawa. Da akwai zane a ciki, da shafi ɗaya ya tsira.

Da zarar an kai amfanin gona gida, sanyi ya fara leƙowa, mu matan gidanmu da na maƙwabta mukan taru a ɗakin faccalata bayan sallar isha'i. Nata ɗakin ya fi faɗi, kuma ita ce mai fitilar sola. Abin da muke ɗinkawa mayafi ne mai auduga a ciki. Hawa uku ne: yadi a ƙasa, auduga a tsakiya, yadi a sama. Yadin alawayyo ne ko akoko, wanda babu fure ko ɗaya a jikinsa, muna sayo shi a kasuwar Gujungu, wani lokaci kuma a ba da saƙo Kantin Kwari. Dole a wanke shi kafin a taɓa, don yana shan ruwa ya tsuke, in ba a yi haka ba ranar wankin farko mayafin zai murɗe. Audugar kuwa sai an gurje ta an shiɓe, sannan a shimfiɗa ta sirara, ba tudu ba kwari. Wasu na son sa audugar rimi saboda taushinta, ni ba na yarda. Ta matashin kai ce. Santsi gare ta, ba ta zama wuri ɗaya a cikin ɗinki, ga saurin kama wuta, mu kuwa mutane ne masu kwana da kaskon wuta a ɗaki.

To tunda yadin galibi fari ne fat, duk kyan mayafin yana ga hanyar da allura ta bi. Zaren ma fari ne. Inda ɗinki ya danne, wurin ya lotsa, inda bai taɓa ba ya taso, shi ke nan zane ya fito. A nan takarda take shigowa. Mukan samu takardar buhun siminti, mu kakkaɓe ta, mu ninka gida huɗu ko takwas, mu yanka. In aka buɗe sai ka ga fure ko tauraro wanda kowane ɓangarensa daidai yake da ɗan'uwansa, abin da hannu kaɗai ba zai ba ka ba. Da'ira kuwa murfin kwano da kofin shayi sun ishe mu. Wanda za a yi ta maimaitawa a gefen mayafi mukan kwafe shi a kan kwalin sukari, don takarda tana cinyewa a baki. A farin yadi fensir muke bi da shi a hankali, a baƙi ko shuɗi kuma guntun sabulu da ya kusa ƙarewa, yana zana siririn layi, wanki ɗaya ya tafi. Biro dai haramun ne a ɗakin nan.

Dagi shi ne mai wuya, don layukansa suna shiga ƙarƙashin juna suna fitowa, ba a yanke shi da almakashi. Sai a zana shi a takarda, a bi layin da tsinin allura ana hudawa, a ɗora a kan yadi, a ƙulla garin bula a ƙyalle a riƙa bubbugawa. In aka ɗaga takardar, ga dagi nan a ɗigo-ɗigo. Jikata ’yar aji biyar ita ce gwanar wannan, idonta ya fi namu. Nakan ce mata, “Kishiya, kawo idon nan naki,” ta ce sai na biya ta da tatsuniya.

Daga nan a kama hawa ukun da manyan ɗinki na wucin gadi, a fara daga tsakiya ana fita waje. Wadda ta fara daga gefe za ta tarar yadi ya taru mata a tsakiya ba inda za ta kai shi. Kuma kada tsakanin layi da layi ya wuce faɗin yatsa uku, in ya wuce audugar za ta dunƙule a wanki. Ana yi ana jin rediyo, ana gyaɗa, ana gulmar da ba ta kai ta zunubi ba.

Na ji wasu ’yan boko suna cewa wannan ɗinki na Turawa ne, a waya muka gani. Ai kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Haɗeja ko Ringim ya ga ’yan lifidi. Mene ne lifidi in ba yadi biyu da auduga a tsakani, an bi da ɗinki layi-layi ba? Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sama da shekara 600 ke nan Bahaushe yana cusa auduga a yadi yana ɗinkewa, har ta tare kibiya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, aka yi ta murna, amma ban ji wanda ya tambayi nawa suka rage cikin masu ɗinka lifidin da dawakin ke sawa ba. Abin da muka yi kawai shi ne mun sauko da shi daga bayan doki zuwa kan gadon yara.

Takardar ce zan yarda mun ara, kuma ba abin kunya ba ne. A Ingila akwai wani mayafin siliki da aka ɗinka a 1718, har yau takardun da aka naɗe ƙyallayen a kansu suna nan a cikinsa. A garuruwan masu haƙar kwal na arewacin Ingila, lokacin da aiki ya yi wuya wajen 1928, da irin wannan ɗinki na yadi marar fure mata suka riƙa tallafa wa gida, ana kai shi Landan ana sayarwa. A can ma akwai masu zane na musamman da ake aika wa yadi su zana a biya su.

Wannan na ƙarshe shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Dubi ɗinkin hula. Babu ƙauyen da za ka shiga a ƙasar nan ka rasa mace ko budurwa da hula a hannu. Amma wa yake zanawa? Galibi namiji ne a gari. Ɗan kasuwa ya sayi yadi, ya kai wa mai zane, ya sayi zare, ya kawo wa mace. Ita ce za ta yi makonni tana tsiyayar da idonta, ita ce kuma mai ƙaramin kaso. Ko ta tara kuɗin yadi da zare da kanta, sai ta nemi yaron da zai kai wa mai zane, ta biya, ta jira. Haka aikin babbar riga yake, aska biyu da aska takwas da tambari duk suna kan malaman zane. Ba na ƙyashin abincinsu, gwanaye ne, sun sha wuya kafin su iya. Amma macen da ke da jakar takardun zane a ƙarƙashin katifarta ba ta jiran kowa. In ta ga dama ta ƙara ganye, in ta ga dama ta rage. Kuma in ta tsufa ido ya tafi, zanen bai tafi da shi ba. Wata gwaggona tana da wani zanen zanin gado da ake zuwa daga ƙauyuka a roƙa, a kanta kawai yake, da ta rasu ba wanda ya iya fitar da shi daidai.

Nakan ga ana taron koyar da sana'a, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto. Madalla. Sai dai keke ɗaya ne a hannun mace ɗaya, in ya lalace sai an kai gari, wasu kuma kafin wata ya zagayo sun sayar. Allura da zare kuwa babu gidan da babu su. Abin da babu shi ne zanen, da wanda zai nuna yadda ake ɗora shi.

Ba zan yaudari kowa ba, wannan ba sana'ar samun kuɗin cefanen gobe ba ce. Mayafin babban gado yakan cinye mana kusan rabin hunturu, mu da yawa. Bargon gwanjo na Ƙofar Wambai ya fi shi araha nesa ba kusa ba, kuma wanda yara ke rawar ɗari a ɗakinsa yau, ya je ya sayi bargon, kada ya jira mu. Inda namu yake da kasuwa shi ne kayan ɗakin amarya, da shimfiɗar jariri, da ƙananan abubuwa irin rigar matashi da abin ɗaukar tukunya, waɗanda ake gamawa cikin ’yan kwanaki. Sannan ban yarda a zaunar da yarinya ɗinki har tsakar dare ba alhali da safe tana da makaranta. A ɗakinmu ƙarfe tara yara suke tashi, ko zare ya rage ko bai rage ba.

Ga yadda nake ganin za a yi shafin. A zana da baƙin layi mai kauri, don takardar jarida ba ta da ƙwari kuma tsofaffi ne za su bi. In zanen ya fi shafi girma a buga rubu'insa kawai, a nuna inda za a ninka, mu mun san sauran. A rubuta sunan zanen da garin da aka samo shi, da boko da ajami, don da yawa cikin ƙawayena ajamin suke karantawa. Kada a sa talla a bayan shafin da za ta hana a yanka, kuma don Allah kada a sa aya ko hadisi a bayansa, don almakashi zai bi ta kai. Wajen samo zanen ba za ku sha wuya ba. Gidan Makama yana nan a Kano da tsofaffin kaya, masu ɗinkin lifidi da na sirdi suna nan a cikin birni, kuma in kun ba da sanarwa mata za su aiko da nasu daga Gumel da Kazaure da Birnin Kudu. Wadda ta aiko a sa sunanta in ta yarda.

In kun amince, ku fara kafin sanyi ya shigo, don mu samu lokacin wanke yadi da shiɓar auduga. Na farko ina da dagi da tauraro mai kai takwas a shirye, zan ba ɗana ya kawo ofishinku.

Allah Ya ƙara wa jarida albarka. Na gode.

Taku mai karatu,
Tsohuwar malama, daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa