Wasiƙa zuwa ga ɗana kan agogon da yake son saye

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Mahaifiyarka ta nuna mini hoton agogon da ka turo mata, ta faɗa mini kuɗinsa ƙasa-ƙasa kamar mai sanar da rasuwa. Wai duk abokan horonku na tuƙin jirgi a Kaduna irinsa suke buri. Fiye da shekara talatin ina buɗe cikin agogo da gilashi maƙale a ido, don haka a wannan magana kam sai ka saurare ni.

Agogon matuƙi ba don kwalliya aka faro shi ba. A 1904 Louis Cartier ya ƙera wa abokinsa Santos-Dumont, matuƙi ɗan Birazil, agogon hannu, saboda ya koka cewa ba ya iya zaro na aljihu alhali hannuwansa na kan aiki a sama. Na sojojin saman Jamus a yaƙin duniya na biyu faɗinsa milimita 55, muni kamar me, amma ana ɗaura shi bisa hannun riga, kan da ake wana shi kuwa ƙato ne domin mai safar hannu ya iya kama shi.

Wanda ya fi burge ni shi ne A-11 na Amurka, wanda kamfanonin Elgin da Waltham da Bulova suka yi. Ɗan ƙarami ne, baƙar fuska, fararen lambobi. Idan ka ja kansa, hannun daƙiƙa sai ya tsaya cak. Kafin a tashi shugaba zai ƙirga, kowa ya danna a lokaci guda, agogon mutum hamsin su zama baki ɗaya. Haka agogon Mark 11 da kamfanin IWC ya yi wa sojan saman Ingila a 1948, an lulluɓe injinsa da ƙarfe don kada maganaɗisun na'urorin jirgi ya ruɗa shi. Wannan ciwo na san shi sarai. Sau nawa aka kawo mini agogon da ya kwana kan rediyo yana ta gudu kamar an koro shi?

To wanne daga cikin waɗannan ayyuka ne wancan mai ƙyalli da ka turo hotonsa zai yi maka? Fuskarsa cike da ƙananan da'irori, ko da rana sai ka ƙura ido. Gilashinsa kuma walƙiya yake yi, abin da sojojin kundunbala ke gudu ke nan. Da yawansu G-Shock na Casio suke ɗaurawa, wanda ya fito a 1983, na roba ne, in ya faɗi a ɗauka a ci gaba, in ya ɓace ba a zaman makoki.

Nemi mai nuna lokaci biyu, tunda da lokacin Zulu, wato lokacin GMT, kuke aiki, mu kuma muna gabansa da awa ɗaya. Ya kasance ana karanta shi cikin duhu. Madaurinsa ya zama na zare mai ratsawa ta ƙarƙashi, irin na sojan Ingila, ko tsinke ɗaya ya karye agogon ba zai faɗi ba.

Wanda ke haɗuwa da waya kuwa, ka yi hattara. A farkon 2018 taswirar manhajar Strava ta tona wuraren sansanonin soja a Siriya da Afganistan, don kawai sojoji suna gudun motsa jiki da irinsa a hannu. Tambayi malamanka abin da aka yarda da shi kafin ka kashe ko kwabo.

Ina da wani madauri baƙi da na ajiye maka a shago, zan ba direban da ke zuwa ranar Asabar. Ƙannenka na gaishe ka. Mahaifiyarka ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci sosai, don a hoton ta ga ka rame.

Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka