A Riƙa Tunawa da Ƙananan Sojojin da Suka Kwanta Dama a Fagen Daga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in tuna da wani yaro ɗan unguwarmu ta Rigasa wanda ya rasu a bakin daga a arewacin Jihar Borno. Zan sakaya sunansa, saboda ban nemi izinin iyayensa ba.

A gabanmu ya tashi. Bayan ya kammala sakandare ya ɗan zauna a shagon wani mai gyaran babur, sannan Allah ya ba shi sa'a aka ɗauke shi kurtu a Defo na Zariya, makarantar da ke horar da sojoji tun 1924. Ranar da ya dawo gida cikin kaki, yaran layinmu har ƙofar gida suka rako shi, mahaifiyarsa kuwa ta rasa abin yi tsakanin murna da kuka. Bai daɗe ba aka tura shi Arewa maso Gabas, a zamanin rundunar Lafiya Dole mai yaƙi da Boko Haram, kuma a 2018, shekarar da aka kai mummunan hari sansanin soja na Metele, labarin rasuwarsa ya iso mana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman makokin da muka yi babu gawa. A Maiduguri aka yi masa sutura tare da abokan aikinsa, kuma har yau mahaifiyarsa ba ta ga kabarinsa ba. Hoton da ya ɗauka ranar da aka yaye su shi kaɗai ne ya rage a hannunta.

Jama'a ba su manta da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ba, wanda ya rasu a Malam Fatori a watan Nuwamba na 2016, kuma lallai ya cancanci fiye da haka. Amma farabiti da kofur da suka faɗi a irin wannan fage, adadinsu kawai muke ji a rediyo. Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya wadda ta dace da ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ana ajiye furanni a saki tattabaru, a watse ba tare da an kira sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ga garin Kaduna, wanda ya karɓi hedikwatar Runduna ta 1 da kuma Makarantar Horar da Hafsoshi da aka kafa a 1964, wannan abin kunya ne a ganina.

Saboda haka ina roƙonku da ku keɓe shafi guda a kowane watan Janairu, ku buga sunayen ƙananan sojoji 'yan Jihar Kaduna da suka rasu a bakin aiki, tare da unguwanninsu, bisa yardar iyalansu. Idan kun amince, ni zan fara zuwa wajen iyayen wannan yaro in nemo izininsu. Allah ya jiƙansa, ya ba mahaifiyarsa haƙuri.

Naku,
Wani mai karatu daga Rigasa, Kaduna